Barreton Laka

Masu sunan Barreto iri biyu ne a ƙauyenmu na Goa. Akwai na baranda, masu babban gidan da ke kallon coci. Akwai kuma mu, da ake kira Barreton laka, don a gonar shinkafa muke wuni. Kowace shekara idan shinkafa ta fid da kai, Fada, limamin cocinmu, yakan zo da ayari ya sa wa gona albarka, sai namiji ɗaya daga zuriyar waɗanda suka kafa garin ya yanke zangarniyar farko da laujen azurfa. Gonar da ake bikin, mahaifina Bostiao ne yake noma ta, kamar yadda ubansa ya yi. Shi ke shuka, wani ke zuwa ya yanka ana tafi.

A bana hannun Bab Aleixo, tsohon da ya rage shi kaɗai a babban gida, wanda shi ne ya saba yankan, ya shanye. Pai, kamar yadda muke kiran mahaifinmu, ya sa farar rigarsa ya je gaban dattawan coci.

"Ni ma Barreto ne," ya ce. "Sau ɗaya nake roƙo, kafin ƙasa ta rufe min ido."

"Bostiao, ai karen Bab Aleixo ma Barreto ne," in ji ɗayansu, aka kwashe da dariya. "Kawo shaida daga littafin coci, mu ba ka laujen har da kubensa."

Ni na ɗauki aikin, don na ɗan tsinci harshen Fotugal a makaranta, da shi kuwa aka rubuta littattafan. Ya Allah, irin ɗokin da na shiga ɗakin littattafan nan da shi! Na sha karanta labaran da ake gano ɗan sarki a bukkar talaka, har ina hango azurfa tana walƙiya a hannun Pai. Littattafan baftisma suna jere a bayan bagade, suna warin damina, gara ta cinye gefunansu. Na fara da Pai, na koma ga ubansa Inacio, daga nan na yi ta baya ina neman uban Inacio, wani Caetano. Duk sunan da na samu sai in shafa shi da yatsa kamar mai gaida ɗan'uwa.

"Quiteria, 'yata, da kin tsaya haka," in ji Fada wata rana yana leƙowa. "Littattafan nan ba su cika yi wa manomi kirki ba."

Ban tsaya ba. Na sami Caetano a wani shafi mai launin shayi. Uwarsa Esperança, 'yar aikin gidan Barreto. A gurbin uba an rubuta: ba a san shi ba. Uban baftisma kuwa maigidan ne da kansa, ya ba jaririn sunansa, ya sa hannu da wani dogon lanƙwasa da ya cinye rabin shafin.

Na dubi Fada. Ya kau da kai.

"Ke ma ai ba yarinya ba ce," ya ce.

Na haura babban gida. Bab Aleixo yana baranda a kujerarsa mai lilo. Ya saurare ni har ƙarshe, sai ya yi dariya har da tari.

"Kin sha wahalar banza, yarinya. Da kin tambaye ni. Juyo in ga gefen fuskarki. Ga shi nan! Hancin gidanmu ne, har da ɗan tudun."

"To Bab, ka gaya wa dattawa mana."

"In gaya musu me? Sun sani. Kakanninsu ma sun sani. Littafi suka ce ku kawo, littafi kuwa ya ce ba a san shi ba." Ya gyara mataccen hannunsa a cinya. "Kin san yawan hancin nan a gonakin garin nan? In na yarda da ɗaya, lauje nawa zan ƙera?"

Ya sa aka kawo min shayi a kofin da ake ajiye wa ma'aikata a bayan madafa. Na bar masa abinsa a kan matakala.

Na tarar da Pai a kunyar gona yana toshe ramin ƙaguwa. Na faɗa masa duka, ina kuka.

"Ita Esperança fa?" ya ce. "Ina aka binne ta?"

"Na duba littafin mamata, Pai. Babu sunanta."

"Amma shi maigidan ya sa hannu."

"Ya sa."

"Da rubutu mai kyau, ko?"

"Mai kyau, Pai."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tura laka cikin ramin da diddige.

Ranar bikin aka ɗauko wani ɗan ƙanin Bab Aleixo daga Landan, mutumin da rabonsa da garin tun yana goye. Masu busa suna gaba, yara da fararen kaya suna biye, Fada ya yayyafa ruwan albarka. Baƙon ya tsaya a bakin gona da farin takalmi yana duban shinkafar.

"Tsoho, ta ina ake kamawa?" ya tambayi Pai.

Pai ya shiga laka har gwiwa, ya tattaro masa zangarniya ya lanƙwaso ta bakin kunya. Mutumin ya yanka, aka buga ƙararrawa, aka yi tafi. Sai matarsa ta kira shi ya zo a ɗauki hoto da damin. Ya waiga, ya miƙa wa Pai laujen.

"Riƙe min wannan."

Ga laujen nan, ƙotarsa tana dab da ƙirjin Pai, dattawa duk suna kallo. Pai ya dube shi, ya mai da hannayensa baya.

"Ba ni da shaida, ranka ya daɗe," ya ce.

Baƙon bai gane ba. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙa wa mai ganga. Pai ya fito daga gonar, ya bi hanyar gida ba tare da ya jira addu'ar rufewa ba, ni kuma na bi bayansa.