Sanyin Ɗakin Manya

"Madam, ajiye mahucin nan! Na ce ki rufe ta da bargo!"

Nas ɗin ta daka tsawar ta wuce abinta. A ɗakin talakawa ba a yi wa mutum bayani, umarni ake ba shi. Edith ta dubi 'yarta Precious, 'yar shekara huɗu, wadda kaskon man ƙosai ya kife mata daga ƙirji har cinya a bakin titin Makera. Yarinyar da wuta ta ci, a ce a ƙara mata zafi? Tagogi a rufe, fanka a kashe, kowa sai zuba gumi yake.

Abin da ya fi ci mata rai yana can ƙarshen baranda: ɗakin manya mai na'urar sanyaya ɗaki, kuma Becky ce a ciki. Becky fa, wadda suka yi aiki tare a masaƙar Kakuri, suna cin tuwo a kwano ɗaya! Sojoji na komawa bariki mijinta ya zama kansila. Ɗanta targaɗe kawai ya yi, amma nas-nas har rusunawa suke. Hassada ce ke cin Edith, ta kuma san hassada ce.

*

Ranar da za a yi wa Precious tiyata aka sallami ɗan Becky.

"Maman Precious, ɗakin namu ne har yamma," in ji Becky. "Kawo ta ta ɗan sha sanyi, Allah sarki."

Tausayin ya yi wa Edith ɗaci, amma ta sungumi 'yarta. Ita ma ai 'yar mutum ce. Ta yaye bargon, ta murɗa na'urar har ƙarshe. Can sai yarinyar ta daina kuka, ta yi lamo. Edith ta miƙe ƙafa a kan kujerar Becky, daɗi ya cika ta.

Masu tura gado zuwa ɗakin tiyata suka same su a nan. Ba wanda ya taɓa jikin yarinyar, ba wanda ya yi tambaya. Wa zai tuhumi ɗakin manya? Har gaishe ta suka yi.

*

Likita ya fito daga ɗakin tiyata, ya kasa haɗa ido da Edith.

"Mama, fatar da ta ƙone ba ta riƙe ɗumi. Jikinta da sanyi ta shigo. Da muka buɗe ciwon muka wanke, sai abin ya ƙaru, jini ya ƙi tsayawa. Hitarmu ta ɗumama ɗaki kuma ta lalace tun bara. Mun yi iya ƙoƙarinmu, sai haƙuri." Sai ya ɗago ya dube ta. "Ba a gaya miki ɗumi take buƙata ba?"

"Tsawa aka yi mini," in ji Edith.

Aka bar ta ta shiga wurin 'yarta. A waje rana na dukan kwanon rufi kamar za ta narka shi. Edith ta kama ƙananan ƙafafun nan biyu, ta cusa su cikin rigarta a kan cikinta, ta zauna tana jira su yi ɗumi.