Fitsarin Kwana Ɗaya

Surajo direba ne, kuma direba da ƙafa yake cin abinci. Shi ya sa ranar da ya zauna a bencin shagona na kayan gyaran mota a Apo, ya cire takalmi yana matsa tafin ƙafarsa, na san da magana.

"Alhaji Iya, birki nake takawa kamar ina taka auduga," ya ce. "Jiya a shataletale saura ƙiris in sumbaci wata tifa."

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, Abuja sai tashin gine-gine take, kowane ofis da sababbin motoci. Surajo yana tuƙa Hajiya Mashkura, darakta a wata ma'aikata. Mace ce mai kirki, amma 'ya'yanta yake kaiwa makaranta. Da ta ji labarin ƙafar, ta karɓi mukulli, ta ce ya je asibiti. In abin mai magani ne, kujerarsa na nan. In babu, sai haƙuri.

Ni na raka shi. Likita ya duba jini, ya ce bitamin B goma sha biyu ne ya yi masa ƙaranci, shi ke kashe ƙafa. Abin da ya rage a sani, ba ya samunsa a abinci ne, ko yana ci hanjin ne ba ya tsotsa? Aka haɗa mu da wata nas, Rosemary, wadda ta koyi Hausarta a kasuwa. Ta ba shi ƙwaya ya haɗiye da cikin da bai karya ba, ta yi masa allura, sannan ta miƙo farar jarka.

"Baba, abin da hanjinki ya sha, zai fito a fitsari, mu auna. Ki tara na kwana ɗaya, ki kawo."

"Ni ne ki?" in ji Surajo.

"Ke mana. Akwai wani Baba?"

Washegari ya dawo da jarka a cikin baƙar leda, yana riƙe da ita nesa da rigarsa. Rosemary ta ɗaga ta, ta girgiza. Abin da ke ciki ko kwalbar lemo ba zai cika ba.

"Baba, ke raƙumi ne?"

"Kwana kika ce. Na kwana, na tara. Ga shi."

"Na rana fa?"

"Wannan ai wuni ne. Ba ki ce wuni ba."

Na juya kai don kada ya ga dariyata. Na san Surajo tun muna yaran mota a Katsina, ya san abin da kwana ɗaya ke nufi sarai. Kunyar yawo da najasa a gari ce ta sa ya laɓe a bayan kalma, kalmar kuwa ta ba shi wurin laɓewa. Rosemary ba ta yi dariya ba. Ta ce in ta kai wannan ɗan fitsarin ɗakin awo, za a ga bitamin kaɗan, a ce hanjinsa ya daina aiki, a ɗora shi kan allura har ƙarshen rayuwarsa. Nan Surajo ya miƙa hannu ya karɓi jarkarsa. Ya san yadda maganar za ta sauka a kunnen Hajiya.

Da aka sake sa masa rana, na ce a shagona zai wuni. Muka ajiye jarkar a bayan tulin tayoyi, na kafa masa buhu ya zama labule. Lokacin salla ya bar ta nan, ya yi tsarki, ya tafi masallaci hankali kwance. Zacharias makanike, maƙwabcina, ya leƙo neman man birki, ya kai hannu kan jarkar.

"Oga, wannan nawa lita?"

"Wannan na gwamnati ne," na ce masa. "Taɓa ka gani."

Zuwa la'asar duk layin ya sani, kowa ya wuce sai ya ce, "Surajo, ya tanki?" Tun yana ɗaure fuska har ya fara amsawa, "Ana lodi."

Sakamako ya fito, hanji lafiya lau. Likita ya tambaye shi abin da yake ci. Shayi da burodi, garin kwaki, wani lokaci taliya da manja. Tun da turamen haƙoransa na hagu suka zube ya bar nama, iyali kuma suna can garinsu, ba mai dafa masa. Aka rubuta masa allurai na ɗan lokaci, aka ce ya riƙa cin hanta da ƙwai, ya sha nono.

"Kullum, Baba," in ji Rosemary.

"Kullum ɗin nan, da dare ne ko har da rana?"

Ta jefe shi da murfin biro.

Ƙafar ba ta dawo da wuri ba, sai a hankali, yatsa bayan yatsa. Wata safiya ya shiga wata tsohuwar fijo da Zacharias ke gyara, ba takalmi, ya taka birki, ya saki, ya sake takawa.

"Zacharias, wannan birkin naka akwai iska a ciki."

Zacharias ya rantse babu. Ya buɗe, ya tarar da ita. A makon nan Hajiya ta aiko da mukulli.