Abokin Gabar Ɗanjimma

Tsoho Ɗanjimma na Kurawa Bagobiri ne mai zane har kunne, kuma bai taɓa yafe wa Fulani cin Alƙalawa, tsohon birnin kakanninsa, ba. Duk da haka, kowace kaka da an cire gero, a gonarsa Fatihu Bafillace yake sauka da shanunsa, su ci kara su bar masa taki. Da hantsi Ɗanjimma zai zo, a dama masa fura da nono, su zauna su tayar da yaƙin da babu wanda ya gani a cikinsu.

"Ku kunka ƙone muna gari," in ji Ɗanjimma.

"Ku kunka gudu kunka bar shi," in ji Fatihu.

Bana 'yan bindiga suka tare hanyar garin Isa, suka kashe mutane, aka ce Fulani ne. Washegari samarin gari suka ɗauki adduna suka nufi bukkar Fatihu, Abbas ɗan ƙanen Ɗanjimma a gaba. Suka tarar da Ɗanjimma zaune a bakin bukkar, ƙwarya a cinyarsa.

"Baba, kauce," in ji Abbas. "Ba daga bakinka munka ji su ne abokan gabarmu ba?"

Ɗanjimma ya shanye furarsa, ya goge gemu.

"Na faɗa, gobe ma za ni faɗa. Amma wanga nawa ne, wurin ubana na gaje shi tare da gonar ga. Naku na cikin daji riƙe da bindiga, kuma kun san hanya."