Ƙulli Arba'in a Wuyan Kwalba

"Inna Bibata, sauke tukunyar nan, sukarinki ya fara kamawa!"

Labiba ce ta yi maganar ta saman katanga, tana tsaye kan bokitin da ta kifa don ta kai ga igiyar shanya. Tsohuwar tana zaune dab da murhun gawayi, muciya a hannu, fuskarta kusan cikin tukunyar. Ta dubi yarinyar, ta dubi tukunya. Babu hayaƙi, babu alamar komai. Duk da haka ta sauke, ta kankare gindin da muciya, sai ga shi ya fara yin ja.

"Daga can kika ji?"

"Tun ɗazu ma. Na ɗauka kin sani."

Tsohuwar ta ajiye muciya, ta ce, "Zagayo, ɗiyata."

Shekarar Labiba ashirin da huɗu a lokacin. Tana da lisans, wato digirin shari'a, daga jami'ar Calavi, wanda mahaifinta Alhaji Wada, mai manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta nan Kwatano zuwa Yamai, shi ya zaɓa mata, shi kuma ya rataye takardar a falo. Da safe ta hau zem, babur ɗin haya, zuwa biro, ofishin wani lauya inda take istaj na sanin makamar aiki, da yamma ta dawo. Ba raguwa ba ce, zuciyarta ce dai ba ta taɓa maƙalewa a kan komai ba. Ko me ka tambaye ta, shinkafa ko akasa, atamfa ko leshi, amsarta guda ce, "Duk ɗaya." Ƙawayenta biyu, ɗaya ta yi aure can unguwar Zogbo, ɗaya ta tafi karatu waje, wayar ma ta daina ƙara. Gidansu cike yake da mutane, amma sai ta wuni ba wanda ya tambaye ta abin da ke ranta. Hancinta kuwa ban da tsangwama bai taɓa jawo mata komai ba, don ita ce kullum mai cewa kifin nan na jiya ne, a ce ta cika iyayi.

Inna Bibata kuma 'yar Damagaram ce. Ta biyo mijinta direba zuwa Kwatano shekara arba'in da suka wuce, ya rasu ya bar ta a ɗaki guda na haya, ɗanta tilo, Mahamoud, yana Abijan. Akwai lokacin da ba a kai amarya ɗaki a unguwar Zongo sai da turaren wutarta. Yanzu masu zuwa sun ragu, ba wanda ya gaya mata dalili.

Da Labiba ta zagayo, tsohuwar ta sa ta rufe ido, ta dinga kai mata gwangwanaye bakin hanci ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Ban san sunansa ba. Kamar ƙasa in ruwan farko ya sauka."

"Kajiji ke nan. Wannan?"

"Akwai ɗan ƙarni a ƙarƙashi. Na teku."

"Farce ne, murfin dodon koɗin teku, ba a gama wanke shi ba." Tsohuwar ta ajiye gwangwanin, ta rage murya duk da ba kowa a tsakar gidan. "Tun ciwon nan na shekarar korona hancina ya rufe. Ko hayaƙin taya ba ni ji. Shekara huɗu ina haɗi da ka. In kin faɗa wa wani, ni da ke har abada."

Labiba ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Ta koyi daka icen hawi da sandal, ta koyi jiƙa farce a wanke shi har ƙarnin ya fita, ta koyi tsayawa a kan sukari yana narkewa har zuwa ɗan lokacin nan da yake tsakanin nuna da ƙonewa, wanda ido ba ya gani. Tsohuwar ta zuba, ita ta sunsuna ta ce a ƙara ko a bari. Wata rana a biro ta kama kanta tana duba agogo tun sha biyu, ta yi mamaki, don ba ta taɓa ɗokin zuwa ko'ina ba. A kan zem ma sai ta ga tana rarrabe warin titi, man inji daban, soyayyen ayaba daban, gishirin teku daban. Daɗin da take ji har kunyarsa take, kamar wadda ta fara soyayya a ɓoye.

Da Alhaji Wada ya ji ƙamshi a mayafinta ya bi ba'asi, cewa ya yi, "Lisans guda, ki ƙare a hura gawayi?" Daga nan ya koma kan wayarsa, mota ta lalace masa a Parakou.

Dokar Inna Bibata guda ce, kuma ba ta da sassauci. In an gama haɗi aka dura a kwalba, sai a liƙe murfin da narkakken kyandir, a ajiye a duhu kwana arba'in. A Damagaram, in ji ta, ko da tsumma ka rufe ya isa, amma iskar Kwatano ruwa ce da gishiri, in ta shiga kafin itacen ya gama shan mai, turaren ya lalace ke nan, ko ya yi fumfuna ko ya yi tsami. Ba ta yarda da kalanda ba. Zare take ɗaurawa a wuyan kwalba, kowace safiya a juya kwalbar a ƙulla ƙulli ɗaya.

Yabo kuwa ba ya cikin kayan aikinta. Wata takwas Labiba tana zuwa, mafi girman abin da ta samu shi ne "To." Ita kuma kalma biyu kawai take nema a duniya, ta ji tsohuwar nan ta ce ya yi.

Gab da faɗuwar damina ƙafafun Inna Bibata suka kumbura, tsayuwa ta gagare ta. Ran nan ta juya kujerarta ta ba murhu baya.

"Yau ke kaɗai. Kar ki tambaye ni komai."

"In na ɓata fa, Inna?"

"Ki ɓata. Ran arba'in ki kawo, ki hura a gabana, in ga yadda hayaƙin zai tashi. Sannan in gaya miki ko kin zama ko ba ki zama ba."

Labiba ta yi haɗinta, ta liƙe kwalbar, ta kai ƙarƙashin gadonta. Kowace safiya bayan sallah ta jawo ta, ta juya, ta ƙulla. A ƙulli na ashirin da biyu numfashin tsohuwar ya fara sarƙewa, aka kai ta asibiti. A na ashirin da tara aka dawo da ita da ledar magunguna, likita ya ce zuciya ce, a bar ta ta huta a gida. Kowa ya gane abin da yake nufi. Aka kira Mahamoud, ya ce yana neman izini a wurin aiki.

Matan gidan hayar suna leƙowa da koko su tafi, kowa da hidimarta. Yawancin wuni tsohuwar ita kaɗai ce, tana kallon rufin kwano da tsatsa ta ci. Labiba ta daina zuwa biro, ba ma wanda ya kira ya tambayi dalili.

Ran ƙulli na talatin da uku, da la'asar, ta shigo da kwalbar a ƙarƙashin mayafi da kaskon wuta a hannu. Ruwa ya cika lungu har idon sawu, zaninta ya jiƙe. Ta zauna a bakin katifa ta sa farce tana kankare kyandir ɗin.

"Mi kike yi?"

"Kwana bakwai ne kawai suka rage, Inna. Ba zai yi wani bambanci ba."

Tsohuwar ta lalubo zaren, ta bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ta dafe murfin da tafin hannunta. Hannun ba ƙarfi, ko jinjiri zai iya ture shi.

"Saura bakwai."

"In ba ki kai ba fa?" Maganar ta fita kafin Labiba ta kama bakinta.

"Ba ni kaiwa. Na sani, kin sani." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Bari in gaya miki gaskiya tunda lokaci ya ƙure. Hayaƙi duk hayaƙi ne, ɗiyata. Ba a gane komai da ido. Na faɗa ne don kar tsoro ya hana ki yi."

Labiba ta ji kamar an janye tabarmar da take kai. "To wa zai gaya mini?"

"Wata takwas wa ke gaya mini? Ke ke cewa a ƙara, ke ke cewa a bari. Ni gyaɗa kai kawai nike."

"Ki ce ya yi mana, Inna. Ko da ƙarya ne. Me zai rage ki?"

"A'a." Tsohuwar ta rufe ido. "Mutanen Zongo shekara huɗu suna ce mini ya yi, suna zuwa su saya wani wuri. Na san daɗin wannan ƙaryar. Ba ni ba ki ita. Ɗiga kyandir inda kika kankare."

Haushi ya kama Labiba, haushi na gaske, har ta ji ta tsani taurin kan matar nan. Tana kuka ta kunna kyandir, ta ɗiga a inda ta kankare, ta danne da yatsa. Da za ta fita ko sallama ba ta yi ba. Washegari ta dawo da ruwan zafi ta goge mata jiki, ba wanda ya tayar da zancen a cikinsu.

Inna Bibata ta rasu ran ƙulli na talatin da biyar, da hantsi, ana yayyafi. Labiba ta tafi kawo koko ne, ta dawo ta tarar da ita ta juya fuska bango. Bayan azahar maza suka ɗauke ta, suna tattare riguna saboda ruwan lungu. Mahamoud ya iso ana sadakar uku, mutum mai ladabi da gajiya a fuska. Ya raba tufafin, ya ba Labiba tukunya da muciya da gwangwanayen, ya ce shi bai san abin da ake yi da su ba. Mai gidan hayar ya riga ya sami wanda zai shiga ɗakin farkon wata.

Duk kwanakin nan Labiba ba ta fasa ba. Ta jawo kwalbar, ta juya, ta ƙulla.

Ran arba'in da safe ta roƙi mabuɗin ɗakin a wurin matar mai gida. An share shi tas, babu katifa, babu labule, sai shatin akwati a siminti. Ta zauna a ƙasa, ta fasa kyandir ɗin, ta ɗebi kaɗan da yatsu uku ta zuba a kan garwashi. Ya yi ɗan tsuwa, hayaƙi ya miƙe.

Ta rufe ido. Sandal ya fara isowa, a natse. Farcen ya wanku, babu ƙarni ko kaɗan. Sukarin bai kama ba. Ta ƙara jan numfashi, ta jira, sai ta ji shi can ƙasa, yana danne sauran.

"Kajijin ya ɗan yi yawa, Inna," in ji ta.

Muryarta ta yi ƙara a ɗakin da ba kaya. A waje wani zem yana ta danna oda, wata mata tana tallar burodi. Labiba ta zauna da kwalbar a cinya, hayaƙin ya bi bango a hankali, ya tsaya yana kewaya ƙusar da gidan sauro yake ratayawa.