Abarba a Miyar Kifi

Malama ta ɗaga kwandon da ta kife a tsakiyar tebur, sai ga manyan abarba guda biyu, sun nuna har ƙamshinsu ya cika falon.

"Abarba?" in ji ƙanenta makaniki, ya riƙe ƙugu. "Haba Yaya, wannan ai mugunta ce. Kifi fa na zo da shi!"

"Kai ka san yadda za ka yi. Duk abin da mutum zai dafa sai ta shiga ciki."

Haka suka saba duk ƙarshen wata. Wanda aka taru a gidansa shi ke ɓoye abin da za a sa a girki, kowa ya dafa nasa, mahaifiyarsu ta ɗanɗana ta yanke hukunci. Amma tun da aka sallamo Mama daga asibiti gasar ta tsaya. Ciwon ya tafi, cin abinci bai dawo ba. Da ta yi loma kaɗan sai ta ture kwano, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Malama ce ta matsa a dawo da gasar, ko Allah zai sa a dace.

"Ni dai kallo zan yi," in ji Mama daga kujerarta kusa da taga, ta rufe ƙafafu da bargo.

Kicin ya kacame. Matar makaniki, wadda tela ce, ta riga kowa kama babban kasko ta hau soya kaza. Mijinta yana yanka albasa yana hawaye, yana mitar wuƙar Yaya ko ayaba ba za ta iya yankawa ba. Malama ta ɗora shinkafa, amma rabin hankalinta yana falo. Tana leƙawa ta ga Mama ta juyo da fuska wajen kicin, tana shinshina iska.

"Wa ke ƙona albasa a can?"

Malama ta dafe ƙirji. Rabon da ta ji Mama ta ɗaga murya haka, har ta manta.

Da aka jera kwanuka, Mama ta ce don dai kada wahalarsu ta tafi a banza, za ta taɓa. Ta gutsiri kazar surukarta.

"'Yata, gishirin tafiya ya yi?" Ta ƙara ɗaukar wata tsoka, wai don ta tabbatar.

Ta koma kan shinkafa. "Ke kina koyar da 'ya'yan mutane, kin kasa koya wa shinkafa nuna." Ita ma sai da ta ƙara.

Makaniki ya turo miyar kifinsa, gutsattsarin abarba na yawo a sama. Mama ta kurɓa, ta rufe ido.

"Kai, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe gyaran mota da kyau."

Tela ta yi dariya har da buga tebur. Mijinta ya miƙa hannu zai janye kwanon, Mama ta doke hannun.

"Bar shi nan. Sai na gano inda ka ɓata."

Ta yi ta nema har kifin ya koma ƙaya. Malama ta tashi da sunan ɗauko ruwa, ta tsaya a bayan firiji ta share idonta da gefen ɗankwali, sannan ta dawo.

"To, Mama, wa ya ci?"

"Babu. Kun dai wulaƙanta abarba." Ta yaye bargon ta miƙo hannu. "Kama ni. Akwai saura?"

"Akwai rabi. Amma Mama, alƙali ai ba ya shiga gasa."

"Na yi murabus."

Malama ta riƙe ta har gaban murhu, ta jawo mata kujera. Mama ta naɗe hannun riga, ta dubi ɗanta da ya biyo su yana washe baki.

"Kai kuma tsaya daga bakin ƙofa. Kada ka taɓa komai."