Dutsen Barmo

Takarkari ya wuce farin dutsen da taki huɗu kafin guga ya leƙo bakin rijiya, da aka juye shi a komi kuwa rabinsa laka ce. Ina tsaye da tuluna na ga Ila ya kau da kai kamar bai gani ba.

Rijiyar ƙauyenmu, gabas da Ollelewa, ta fi ƙarfin hannu. Sa ake ɗaura wa igiya ya yi ta tafiya, nisan tafiyarsa shi ne nisan ruwa. Maƙwabcina Barmo, wanda ya shekara talatin yana rabon ruwan nan, ya ajiye dutse a inda san ke juyowa. In ruwa ya ja baya, sai ya matsar da dutsen gaba. Ranar da dutsen ya kai gindin aduwa, sai ya rufe rijiya da itace da ƙaya yini guda cur. Yakan ce in aka ci gaba da ja, yashi zai zubo ya toshe idon ruwan, kuma babu mai haƙa mana wata tunda Nasara sun kwashe samari aikin hanya. Zagi kam ya sha shi, ni Tabawa ce ma kan gaba.

To a bazarar nan dutse ya kai aduwa, Barmo kuma yana kwance ba lafiya kwana tara. Ila ɗan ƙanwarsa ne ya riƙe masa aikin, mutum har da furfura a gemu amma bai iya cewa a'a ba. Ga Rissa, Buzun da ya sauka da raƙuma talatin, yana jiran layi.

Da hantsi na kai wa Barmo kunu. Na same shi ya sauko daga gado, ya manna kunnensa a ƙasa, idonsa a lumshe. Ya ce tun da ya kwanta yake ganin kansa a can ƙasan rijiya, inda ya sha sauka yasar laka yana saurayi, sama ta koma kamar faifai, ga sanyi, ruwa yana tsattsafowa a hankali kamar numfashin mai barci. Na ce ya sha kunu ya bar mafarki da rana tsaka.

"Tabawa," ya ce, "san nan ya yi nisa. Ina jin takunsa."

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Sai ya ce a kira masa maza huɗu.

A kan gadonsa na kara aka ɗauko shi, ya sa aka ajiye shi a gindin aduwa, daidai kan hanyar san, kansa kusa da dutsen. Takarkari ya zo ya tsaya yana shinshinar ƙafarsa. Gugan yana can rataye a cikin rijiya, bai iso ba.

Rissa ya tako a hankali, ya ce raƙumansa sun kwana huɗu ba su sha ba.

"Za su kai gobe," in ji Barmo. "Rijiyar ce ban sani ba ko za ta kai."

Rissa ya daɗe yana dubansa ta saman rawani. Daga nan ya zauna a ƙasa, ya ware mayafinsa ya tare masa ranar da ke ratsowa ta ƙayar aduwa. Ila da kansa ya kwance san, ya jera itace a bakin rijiya.

Ban taɓa jin ƙauyenmu shiru haka ba. Babu kukan igiya, babu tsawar masu kora. Kurciya kawai, da raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Barmo yana ta motsa leɓe, na ɗauka salati yake yi, da na matsa sai na ji ƙirga taki yake, yana ragewa ɗaya ɗaya. Kafin la'asar ya daina. Na yi kuka, ni da ban taɓa gaya masa magana mai daɗi ba.

Sai maganar ruwan wanka ta taso. Tulunan gari duk laka ce a gindinsu. Liman ya ce a buɗe rijiya a ja guga ɗaya, ai don shi ne. Kowa ya dubi Ila.

"Malam, a gafarce ni," ya ce. "Kawu ya rufe ta. Sai gobe."

Rissa ya tashi ya kwanto salkarsa daga jikin sirdi, mu kuma mata muka tace abin da ya rage mana da gefen zane. Da shi aka yi masa wanka, aka kai shi kafin magariba.

Da safe Ila ya janye ƙayar. San ya tafi, ya tafi, saura taki shida ya kai aduwa guga ya fito, ruwan garau har ana ganin ɗinkin fatar. Aka fara da raƙuman Rissa. Ila ya rungumo dutsen ya dawo da shi baya, ni kuma na tsaya a gindin aduwa da tuluna, ina duban ramuka huɗu da ƙafafun gadon suka bari a yashi.