Saitin Asibitin Asian Town

Khairiyya Bature ta gama digiri na biyu a Doha, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai kula da manhajar asibitoci. Manhajar tana gudana ne a kan sabobi, wato manyan kwamfutocin haya na intanet. Da lokacin sabunta tsarin ya zo, shugabanta, Malam Sharafaddeen, ya danƙa mata aikin a karon farko.

"Yalla, maza, Khairiyya, komai a rubuce yake. Ki tura kawai."

"Ranka ya daɗe, bari in gwada abin da ke rubuce da abin da ke aiki yanzu. Sabuntawa na shafe duk gyaran da aka yi da hannu."

Ta bi saitunan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi daidai, sai guda: an tsawaita lokacin da sabar ke jiran saƙon wani asibitin ma'aikata da ke unguwar Asian Town. Babu wanda ya san dalili a ofis. Injiniyan da ya yi gyaran, Absalom, ya daɗe da komawa gida, wayarsa ba ta shiga.

Da la'asar ta hau tasi ta je asibitin. Ta tarar da wata nas 'yar Jos mai suna Marvelous, ta yi mata bayanin abin da ya kawo ta.

"Af! Absalom ne ya cece mu," in ji Marvelous. "Idan motoci suka sauke ma'aikata da yamma, intanet ɗinmu jan ciki yake yi. Da can hoton ƙirji sai ya yanke a rabi, likita bai gani ba, mutum ya koma ɗaki da tarinsa."

Khairiyya ta tsaya har yamma ta ga layin ma'aikatan da idonta, ta ga hoto na tafiya a hankali a kwamfuta har ya isa.

Washegari ta shigar da gyaran cikin asalin tsarin, ta gwada a sabar gwaji, sannan ta sabunta. Yamma ta yi, motoci suka sauke mutane, hoto ko ɗaya bai yanke ba.

Malam Sharafaddeen ya tara ma'aikata ya ce, "Daga yau, kafin kowace sabuntawa, yadda Khairiyya ta yi za a riƙa yi. Ita za ta koya muku."

Ta miƙe, ta ɗauki alƙalamin allo ta fara.